Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Daraktan Lafiya na Yankin Ashanti Kan Cututtukan Fata a Unguwannin Zango

Mai girma Darakta,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinku a Hukumar Lafiya ta Gana reshen Ashanti, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na mataimakiyar likita da ta shafe shekaru masu yawa tana duba marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti tsakanin Aboabo da Asawase. Na rubuta ta da Hausa, na kuma buɗe ta ga kowa, saboda maganar ta shafi nas-nas da ungozomomi da masu kemis da ke aiki a unguwannin Zango, ta kuma shafi iyayen da ke kawo mana 'ya'yansu, waɗanda mafi yawansu da Hausa suke faɗa mana inda ke musu ciwo. Kukan da na kawo gabanku guda ɗaya ne. Ilimin cututtukan fata ya sauya ƙwarai cikin shekaru goman da suka wuce, amma sauyin ya tsaya a manyan asibitoci da ɗakunan taro, bai sauko ɗakin da mai ƙaiƙayi ke fara shiga ba, kuma majinyatanmu ne ke ɗanɗana kuɗar wannan jinkiri a jikinsu.

A ƙarshen damanar da ta wuce wata uwa ta kawo mini ɗanta, yaro ɗan shekara tara, ƙuraje sun mamaye masa cinyoyi da ciki da gadon baya, ya yi susa har fatar ta yi duhu ta yi kauri. Na tambaye ta yadda abin ya fara, ta ce wani ɗan zagaye ne a cinyarsa, bai wuce faɗin tsabar sidi ɗaya ba, watanni biyar da suka gabata. Da na ce me aka shafa masa, sai ta kwance baƙar leda ta zazzage mini a kan tebur: bututun man shafawa guda bakwai, kowanne an matse shi tas. Sunayensu daban-daban, amma da na juya bayansu na karanta, sai na ga abin da ke ciki iri ɗaya ne, wato maganin fangas da maganin bakteriya da sitiroyid mai ƙarfi, wanda muke kira mai haɗi uku. Biyu daga ciki a asibiti aka rubuta mata su, sauran kuwa ta riƙa komawa kemis da bututun da ya ƙare ana ba ta irinsa. Duk sa'ad da ta shafa, ƙaiƙayin yakan lafa kwana uku ko huɗu ta ɗauka an dace, da zarar ta daina sai ya dawo ya ƙara faɗi. Makero ne kawai ke damun yaron nan, wanda da an ba shi man kulotirimazol tsantsa, wato maganin fangas kaɗai, tun farko, da ya warke cikin mako huɗu. Ban ga laifin uwar ba ko kaɗan, domin ni kaina a farkon aikina na sha rubuta irin wannan mai. Haka na tarar ana yi, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya nuna mini abin da yake yi wa fata.

Aikin sitiroyid shi ne ya kwantar da garkuwar fata. Kumburi da ƙaiƙayi suna raguwa nan take, shi ya sa majinyaci da mai kemis duka suke yabon maganin, amma a ƙarƙashin wannan sauƙi fangas ɗin yana samun fili ya yaɗu, kuma bakin zagayen nan mai tudu da ɓawo, wanda da shi muke gane makero, yakan ɓace har ƙwararre ma ya rikice. Wannan ba ƙaramar magana ba ce yanzu. A Indiya, inda aka daɗe ana sayar da irin waɗannan mayuka barkatai, wani nau'in fangas ya bayyana wanda aka raɗa wa suna Trichophyton indotineae a shekarar 2020. Sau da yawa ba ya jin maganin fangas na tabinafin, sai an koma ga ƙwayar itirakonazol na tsawon makonni da yawa, magani mai tsada wanda talakan Zango ba zai iya jurewa ba, kuma an riga an gan shi a Turai da Amurka da Gabas ta Tsakiya. 'Yan kasuwarmu da matafiyanmu suna zirga-zirga a waɗannan hanyoyi kullum. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙa'idar da ya kamata ta isa kowane ɗakin duba marasa lafiya mai sauƙi ce: kada a rubuta sitiroyid a kan ƙurjin da ba a san ko mene ne ba, kuma kada a sallami mai ciwon fata ba a tambaye shi abin da ya riga ya shafa ba. Inda aka yi shakka, a kankaro ɗan ɓawo daga bakin ƙurjin, a ɗiga masa ruwan fotasiyam haidoroksaid na kashi 10 cikin 100, a duba da madubin ɗakin gwaji, wanda da ma muna da shi domin gwajin zazzaɓin cizon sauro. Makeron kai kuwa, wanda tsofaffi ke kira ƙora, man shafawa ba ya warkar da shi, domin fangas ɗin yana cikin silin gashi inda mai ba ya kaiwa. Sai an sha girisiyofulbin, miligiram 20 zuwa 25 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, tsawon mako shida zuwa takwas, tare da abinci mai maiƙo domin jiki ya karɓe shi da kyau. Idan kan ya kumbura yana fitar da mugunya, ba maruru ba ne, kada a tsaga shi, maganin sha ɗin nan ne zai saɓe shi. A duba ƙannen yaron da yayyensa, a kuma yi wa iyaye maganar injin aski da mataji, domin wanzami ɗaya yakan aske yara ashirin da inji ɗaya a jajibirin Salla.

Sitiroyid ɗin nan yana shigowa gidajenmu ta wata ƙofar, ita ce ta bilicin, kuma a nan ɓarnar ta fi zurfi. Hukumar Abinci da Magunguna ta hana shigo da kayan kwalliya masu sinadarin haidurokwinon tun watan Agusta na 2016, amma duk wanda ya ratsa kasuwar Kejetia ya san hanin bai kai ƙasa yadda ya kamata ba, ga kuma masu haɗin mai da ke zuba kulobetasol, wato sitiroyid mai ƙarfi, cikin kwalba marar suna su sayar wa amare da sunan gyaran jiki. Idan aka tambayi mace wane mai take shafawa, amsar da aka saba ji ita ce man kaɗe, kuma ba na ganin laifinta, domin sau da yawa cikin tsawa da kunyatarwa ake yi mata tambayar. Ni dai na koyi in ce mata cikin sanyin murya: ’yar'uwa, idan za ki dawo ki tattaro mini duk abin da ke gaban madubinki. Alamomin kansu ba ɓoyayyu ba ne ga wanda aka koya masa: gaɓoɓin yatsu sun fi sauran hannu duhu, nankarwa faffaɗa a damtse da cinya ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, fata ta yi sirara har ana ganin jijiyoyi, ƙurajen fuska da gashi a haɓa, fuska ta yi zagaye, ƙyasbi da makero suna ta dawowa. Baƙin tabon da ke fitowa a kumatu da bayan wuya bayan shekaru ana shafa haidurokwinon kuwa, yana da wuyar gogewa ko bayan an daina.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne cewa sitiroyid mai ƙarfi da ake shafawa a dukan jiki shekara da shekaru yana ratsa fata ya shiga jini. Yana iya ta da sukari da hawan jini, yana hana rauni haɗewa, kuma yana sa halittar nan da ke bisa ƙoda ta rage samar da sinadarin kotisol. Saboda haka duk wadda aka ga waɗannan alamomi a jikinta a auna mata jini da sukari, kuma kada a ce mata ta watsar da man rana ɗaya, domin hakan na iya jefa ta cikin kasala mai tsanani da faɗuwar jini. Ana ragewa ne sannu a hankali, ana saukowa daga mai ƙarfi zuwa marar ƙarfi. Ungozomomi musamman suna bukatar wannan ilimi, domin mace irin wannan idan aka yi mata tiyatar haihuwa ɗinkinta yana iya ƙin kamawa. Sabulai da mayuka masu sinadarin makuri kuma suna lalata ƙoda. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganin jarirai da ake haɗa musu mai haɗi uku cikin man kaɗe domin fatarsu ta yi sumul, alhali fatar jariri ta fi ta babba saurin tsotse magani.

Akwai wata matsala da ke ƙarƙashin duk wannan, ita ce ta idon da aka horar da mu da shi. Littattafan da muka karanta a makaranta cike suke da hotunan farar fata, suna cewa a nemi ja. A fatar mutanenmu kumburi ba ya fitowa ja, yakan fito ne da launin shuni-shuni ko toka-toka, ko kuwa wurin ya fi kewayensa duhu kawai, shi ya sa ake raina tsananin ciwo, a sallami wanda ya kamata a kwantar. Dole a koya wa ma'aikaci ya duba fata a hasken rana, ya taɓa da bayan hannu ya ji zafi, ya kwatanta ɓangaren dama da na hagu, ya kuma sa majinyaci ya buɗe jikinsa cikin sutura da mutunci, mace ta duba mace inda hali ya yi. Fatar da aka leƙa ta wuyan riga ba a duba ta ba.

Sai ƙazwa, wadda ina ganin babu ciwon fatar da ya kai ta yawa a gidajenmu na haya, inda mutum takwas ke kwana ɗaki ɗaya, da makarantun allo, da ɗakunan da 'yan mata masu dakon kaya ke cunkushewa da dare, da kuma lokacin da ɗaliban makarantun kwana suka dawo hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma sa ƙwayar aibamektin cikin muhimman magungunanta domin ƙazwa a 2019. Tambaya ɗaya takan warware mini rabin aikin: wa kuma ke susa a gidan, kuma shin ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare? Daga nan a duba tsakanin yatsu da wuyan hannu da hammata da cibiya da matsematsi, a jarirai kuma har tafin hannu da tafin ƙafa da kai. Kuskuren da muke maimaitawa shi ne mu yi wa yaron da aka kawo magani shi kaɗai. Wanda ya kamu da ƙazwa karo na farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara susa, don haka uwar da ke rantsuwa lafiyarta ƙalau tana iya kasancewa ɗauke da ita, ta mayar wa yaron bayan an gama magani. Dukan mutanen ɗakin za a yi wa magani a dare ɗaya, mai susa da marar susa.

Man fametirin na kashi 5 cikin 100 ana shafa shi daga wuya har ƙafa, ya kwana a jiki, a maimaita bayan mako guda. Ruwan benzil benzowet na kashi 25 da muka fi samu a nan yana aiki, amma yana da raɗaɗi, don haka ana sirka shi da ruwa rabi da rabi ga yara. Aibamektin, wanda ma'aikatanmu suka daɗe da sani ta hanyar yaƙi da makantar bakin kogi da tundurmi, ana ba da shi maikurogiram 200 ga kowane kilo, a maimaita bayan mako ɗaya zuwa biyu domin ba ya kashe ƙwai, ban da mai ciki da yaron da bai kai kilo 15 ba. Shi ne ya fi dacewa idan makaranta guda ta kamu. Tufafi da zannuwan gado a wanke su da ruwan zafi, ko a ɗaure cikin leda na aƙalla kwana uku. A gaya wa iyali tun farko cewa ƙaiƙayin na iya ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwarin sun mutu, in ba haka ba sai su koma kemis a ba su mai haɗi uku, a koma gidan jiya. Kuma kada a raina ƙazwar da ta yi ruwa ta yi ɓawon zuma, domin bakteriyar da ke shiga ta wurin susa tana iya taɓa ƙodar yaro, a kawo shi bayan makonni fuska a kumbure, fitsari kamar ruwan shayi. Ina roƙon 'yan'uwana ma'aikata su daina cewa uwa ƙazantarta ce ta jawo. Cunkoso ne ke yaɗa ƙazwa, kuma matar da aka kunyata ba ta dawowa.

Game da kuturta, ba zan manta da wani dattijo mai shayi ba, wanda ya zo mini da ƙunar da ta ƙi warkewa a yatsu biyu. Na tambaye shi yaushe ya ƙone, ya ce shi ma bai sani ba, sai dai ya ga bororo. A bayansa akwai wani tabo mai haske wanda aka shafe shekara biyu ana yi masa maganin ƙyasbi. Na ce, Baba, rufe idonka, ka nuna mini duk inda ka ji na taɓa. Na shafa auduga a kafaɗarsa ya nuna, na shafa a tsakiyar tabon har sau uku bai motsa ba, jijiyar da ke bayan gwiwar hannunsa kuma ta yi kauri kamar igiya. Gwajin bai ci minti biyu ba, amma jinkirin shekara biyu ya riga ya ci masa jin yatsunsa. Tun 2018 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba kowane mai kuturta magunguna uku, rifamfisin da dafson da kulofazimin, wata shida ga mai tabo kaɗan, wata goma sha biyu ga mai yawa, kuma kyauta ake ba da su. Sabon abin da ya kamata a sani shi ne cewa waɗanda ke zaune tare da shi, daga ɗan shekara biyu zuwa sama, ana iya ba su rifamfisin sau ɗaya tak domin kariya, bayan an tabbatar ba su da kuturtar ko tarin fuka. Wannan yana bukatar hikima da yardar majinyacin, domin kun san nauyin kalmar kuturu a bakin mutanenmu. A kuma sanar da shi cewa kulofazimin zai ƙara masa duhun fata na ɗan lokaci, don kada ya tsorata ya daina sha.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gyambon Buruli, domin sabon iliminsa a ƙofar gidanmu aka samo shi. Yankinmu na cikin wuraren da cutar ta fi kamari, musamman Amansie da Asante Akim, kuma asibitin Agogo da cibiyar bincike ta KCCR da ke jami'ar KNUST suna cikin waɗanda suka gudanar da gwajin da aka yi a Gana da Benin, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2020, ya nuna cewa ƙwayoyin sha kaɗai suna warkarwa kamar yadda allura ke yi. A da majinyaci sai ya sha allurar sitireftomaisin har guda 56, wadda ta kurumtar da wasu. Yanzu rifamfisin ne miligiram 10 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, da kilaritromaisin miligiram 7.5 ga kowane kilo sau biyu a rana, tsawon mako takwas. Duk da haka har yau ina haɗuwa da ma'aikatan da ke tsammanin Buruli sai allura da yanka. Samarinmu suna zuwa ƙauyuka noma da haƙar zinariya, suna shiga fadamu da ruwan da ba ya gudu, su dawo Zango da ƙullutu marar zafi a hannu ko ƙafa, ko kumburin da ake ɗauka na bakteriyar yau da kullum ne a yi ta ba su maganin da ba ya aiki. Rashin zafin nan shi ne tarkon, domin ƙwayar Mycobacterium ulcerans tana fitar da dafin da ke kashe nama yana kuma kashe jin ciwo, sai gyambon ya fashe da baki mai rami ta ƙarƙashi. Gyambon da aka gano bai kai santimita 5 ba yakan warke da ɗan tabo, wanda ya wuce santimita 15 kuwa yakan kai ga dashen fata da ƙagewar gaɓa. Ya kamata kowane ma'aikaci ya san yadda ake ɗaukar samfur da inda ake aika shi domin gwajin PCR mai tabbatar da ƙwayar cutar, ya san cewa gyambon na iya ƙara muni ana tsakiyar magani ba tare da maganin ya gaza ba, ya kuma faɗa wa majinyaci cewa rifamfisin na mayar da fitsari ja, yana kuma raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Sauran zan taƙaita su. Cutar yos da ke fito wa yaran karkara da gyambo tun 2012 ake maganinta da azitromaisin sau ɗaya, miligiram 30 ga kowane kilo, kada ya wuce giram 2. Ƙyandar biri, wadda aka tabbatar da ita a Gana a 2022, ana rikita ta da ƙarambau, alhali tana zuwa da kaluluwa da ƙuraje masu tauri da zafi, wani lokaci a al'aura kaɗai, kuma tana bukatar a keɓe majinyaci a sanar da jami'an sa ido nan take. Wanda ya fara sabon magani cikin makonni takwas da suka wuce, musamman kotirimoksazol ko maganin salfa na rigakafin zazzaɓi ga masu ciki ko kabamazafin ko alofurinol, sannan ya zo da zazzaɓi da jan ido da gyambon baki da fata mai ciwo, a tsayar da maganin a take a tura shi asibitin koyarwa na Komfo Anokye, a kuma kai rahoto ga Hukumar Abinci da Magunguna. Matashin da ya zo da bororo masu zafi a jere a gefe ɗaya na jiki a ba shi shawarar gwajin cutar ƙanjamau. Amaryar da hannunta ya kumbura ya yi ruwa daidai zanen lalle kuwa, baƙin rinin gashi da ake haɗawa da lallen ne ya ƙone ta, kuma za ta riƙa samun haka duk ranar da ta sake kusantar rinin. Zabiya yana bukatar a duba fatarsa a kai a kai saboda dajin fata, haka nan duk baƙin tabo ko gyambon da ya ƙi warkewa a tafin ƙafar dattijo ya cancanci a yanki nama a gwada.

Mai girma Darakta, na san ƙwararrun likitocin fata a ƙasar nan kaɗan ne, kuma mafi yawansu suna Akara da Kumasi, ba kuma za a ninka su cikin shekara ɗaya ko biyu ba. Amma duk abin da na zayyana a sama babu wanda ya fi ƙarfin nas ko mataimakin likita ko ma'aikacin ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwanni da ƙauyuka (CHPS) idan an koya masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin haɗa yaƙi da cututtukan fata wuri ɗaya a 2022, ta samar da manhajar waya kyauta mai hotunan waɗannan cututtuka, kuma babban taron lafiya na duniya ya amince da ƙuduri kan cututtukan fata a watan Mayu na 2025. Takardun sun wadata. Roƙona shi ne ofishinku ya shirya horo na ido da ido a matakin gunduma, da hotunan baƙar fata da majinyata na gaske, a haɗa shi da makin ƙarin ilimi da ma'aikata ke bukata wajen sabunta lasisi domin su zo da son ransu. Ina kuma roƙon a gayyaci masu kemis cikin wannan horo tare da majalisar da ke ba su lasisi, domin su ne asibitin farko na mutumin Zango, kuma horon da ya tsallake su ya bar babbar ƙofar a buɗe.

Horo ba tare da kayan aiki ba wahala ce kawai, saboda haka a tabbatar girisiyofulbin da benzil benzowet da kulotirimazol tsantsa da ruwan gwajin fangas ba sa yankewa a ƙananan asibitoci, domin ma'aikaci yakan rubuta abin da ya san majinyaci zai samu ne. A buɗe mana kuma hanya tabbatacciya ta aika hoto ga sashen fata na Komfo Anokye mu sami amsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Muna yin haka yanzu ta WhatsApp tsakanin abokai, amma ba tsari, kuma hoton jikin mutum amana ce da dokar kare bayanai ta 2012 ta tanadi a nemi izininsa kafin a ɗauka ko a aika. Mu kuma a namu ɓangaren za mu iya kai saƙon inda takardar ofis ba ta kaiwa: wurin limamai da malaman makarantun allo da sarakunan Zango, da wanzamai da masu kitso da masu lalle, da gidajen rediyon da ke magana da Hausa a garin nan.

Asibitinmu yana da ɗakin jira da ke ɗaukar mutum talatin, kuma ba a cika amfani da shi ranar Asabar da safe ba. Na riga na yi magana da abokan aikina da wasu masu kemis na layinmu, sun ce za su zo idan aka turo mai koyarwa. Yaron nan mai makero ya warke bayan makonni yana shan magani, ko da yake duhun tabon bai gama washewa ba, mahaifiyarsa kuma ta ba ni izini a rubuce in nuna hotunan bayansa na kafin magani da na bayan magani. Bututun nan bakwai suna cikin aljihun teburina, na ajiye su domin zaman farko, kuma ina jiran ranar da ofishinku zai sa mana.

Ku huta lafiya.

Taku cikin girmamawa,
Wata mataimakiyar likita,
Aboabo, Kumasi.